Zare: "A yaɗa don Allah" ba da'awa ba ce, ku zo mu dubi yadda 'yan Mormon ke yi

1/ Jama'a ku ba ni aron minti goma. Zare ne a kan kalmomi huɗu da suka fi komai yawo a guruf-guruf ɗinmu, daga Jega zuwa Aliero har Maiyama: "A yaɗa don Allah." Zan kawo misali daga inda ba ku zata ba, wurin 'yan Mormon na Amurka. Mai niyyar zagina ya bari ya kai ƙarshe tukuna. 🧵

2/ Mu fara da abin da kowa ya sani. Juma'a 8 ga Agusta 2014, tun kafin asuba wayoyi suka yi ta ƙara a Najeriya: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, wai maganin Ebola ne. Ɗa ya kira uwa, uwa ta tashi kishiya, kishiya ta buga wa maƙwabta ƙofa.

3/ Ebola ba ta taɓa shigowa Kebbi ba. A Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 8 ta kashe a ƙasar gaba ɗaya. Gishiri kuwa, an ba da rahoton ya kashe aƙalla mutum 2, wasu da dama sai da aka kwantar da su asibiti. Kuma duk wanda ya tura saƙon nan da kyakkyawar niyya ya tura. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Kwana 11 bayan haka, 19 ga Agusta 2014, a garin Provo na jihar Yuta, wani babba a cocin Mormon, David Bednar, ya tsaya gaban dubban mabiyansu a jami'ar Brigham Young ya yi lacca guda a kan abu ɗaya: yadda mai addini zai tura saƙo a soshiyal midiya. Wata ɗaya, waya iri ɗaya. Mu muna shan gishiri, su suna ɗaukar darasi.

5/ Su wa ye ma 'yan Mormon? Coci ce da Joseph Smith ya kafa a 1830 a jihar New York, hedikwatarta yanzu tana Salt Lake City. Suna da wani littafi nasu da suke haɗawa da Baibul, shi ya sa Kiristoci da yawa ba sa ɗaukar su nasu. Mabiyansu sun kai miliyan 17. Ba sa shan giya, ba taba, ba kofi, har shayi ba sa sha. Bajege dai ba zai iya ba.

6/ A 2018 shugabansu ya ce a daina kiran su Mormon, a riƙa faɗin cikakken sunan cocin. Na yi amfani da shi ne don da shi aka san su. Suna nan Najeriya ma, sun haura dubu 200, galibinsu a Kudu. Babban ɗakin ibadarsu na Aba an buɗe shi a Agustan 2005.

7/ Kafin wani ya ce an saye ni: aƙidarsu ba tawa ba ce, ba kuma ta zama tawa. Amma manomin Aliero in ya ga wani ya iya ajiye albasa ba ta ruɓe, ba ya tambayar ɗariƙarsa kafin ya leƙa yadda ya kafa rudunsa.

8/ To me Bednar ya ce? Bai ce waya shaiɗan ce ba. Bai ce a jefar ba. Cewa ya yi abin da suke turawa ɗigo ne kawai, yana so ya zama ambaliya ta mamaye duniya. Wato sun ma fi mu son yaɗawa. Sai dai kafin ya sake su, sai da ya ɗaura musu takunkumi.

9/ Na farko, gaskiya. Kar ka ƙara gishiri, kar ka yi wa labari kwalliya, kar ka ɓuya bayan sunan da ba naka ba. Na biyu, saƙonka ya gina mutum, ba gardama, ba wulaƙanci, kuma kar ka cika wa mutane waya har su gaji da kai.

10/ Na uku, kar ka ɗauki hoton wani, waƙar wani, sunan wani ka yi amfani da shi ba izini. Na huɗu, ka tuna intanet ba ta mantuwa. Abin da ba ka so duniya ta gani har bayan ranka, kar ka ɗora. Ke nan. Yaro ɗan firamare zai haddace.

11/ Yanzu buɗe guruf ɗin unguwarku ka auna saƙo 20 na ƙarshe da waɗannan. Ni na ci alwashi ba za ka samu 5 da suka tsallake ba. Akwai na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, na dangi, na masallaci. Na masallacin ma, Allah Ya yafe mana, wani sa'in ya fi kowanne.

12/ Abin da ya fi ci mini rai, mu ne masu wannan ilimin tun asali. Mu muke da isnadi. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni a kan raƙumi don su ji magana ɗaya daga bakin wanda ya ji ta. Suka rubuta littattafai a kan wa ke da mantuwa, wa ke ƙari, wa aka taɓa kamawa da ƙarya.

13/ A muƙaddimar Sahihu Muslim akwai babi sukutum a kan hana mutum ba da labarin duk abin da ya ji. Aya ta 6 a Suratul Hujurati a kan bincikar labari take. Duk ramadan ana fassara mana ita. Mu ce Allahu Akbar, mu fito, mu ciro waya tun ba mu sa takalmi ba, mu tura saƙon murya na wani da ba mu san ko sunansa ba.

14/ "Assalamu alaikum 'yan uwa, yanzu wani ɗan uwa ya kira ni daga..." Wane ɗan uwa? Daga ina? Yaushe? Oho. Isnadin ke nan. Da a zamanin Ibn Ma'in ne, ko ruwan alwala ba za a karɓa a hannunka ba.

15/ Kuma ku duba ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (RA) a Suratun Nur. Waɗanda aka ruwaito an yi wa haddi, Musulmi ne da suka ji suka ƙara gaba. Ba su suka ƙirƙira ba. Masu turawa ne. Wannan "ni dai turo mini aka yi" ba ta taɓa zama hujja ba, tun a Madina.

16/ Dattawa za su tuna da wasiyyar Shehu Ahmad, wai mai gadin kabarin Annabi (SAW), takardar da ake bugawa ana rabawa: ka kwafa ka raba ka yi arziki, ka ƙi ka ga masifa. Shaikh Ibn Baz ya yi rubutu musamman ya ce ƙarya ce. Ta mutu? Ina! Ta bar injin kwafi ta koma WhatsApp, ta haifi jikoki.

17/ "Tura wa mutum 10 ka ga abin mamaki kafin magariba." "In ka ƙi turawa ka san shaiɗan ne ya hana ka." Malam, wannan ba wa'azi ba ne, garkuwa ce da imanin mutane. Ka ɗauki tsoron Allah na tsohuwa ka mai da shi man fetur na saƙonka.

18/ Wani zai ce to miye a ciki, ai ba a mutu ba. An mutu. Yunin 2018, rikicin Filato. Binciken BBC ya nuna wasu daga cikin hotunan da suka tunzura mutane a Facebook, har da na wani jariri da aka sara, ba na rikicin ba ne. Wani bidiyo a cikinsu ma daga Kwango ya fito, tun shekaru kafin nan. Aka tare hanya, aka kashe matafiya da ba su san hawa ba su san sauka ba. Namu ne aka kashe a kan hoton ƙarya.

19/ Ga na kusa da gida. 12 ga Mayu 2022, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, Sakkwato. Saƙon murya a guruf na 'yan aji, ya bi waya zuwa waya, kafin rana ta yi tsaka an kashe ɗaliba Deborah Samuel. Ba alƙali, ba shaidu, ba zaman kotu. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir, gwamnati ta sa dokar hana fita. Girman Annabi (SAW) a zuciyarmu ba abin tattaunawa ba ne. Amma WhatsApp ba kotun shari'a ba ce.

20/ Mu a nan abin ya fi tsada, don muna da tsoro na gaske. Yunin 2021 an kwashe ɗalibai a FGC Birnin Yawuri. Nuwamban 2024 Lakurawa sun kashe mutane a Mera, ƙaramar hukumar Augie. Wanda ya ga wannan, in ka ce masa "ga su nan tafe" ba zai tsaya tambaya ba.

21/ Sai wani ya zauna a shagon cajin waya ya yi saƙon murya, "an gan su bisa babura ɗari sun nufo Maiyama." Mata su kwana daji da goyo. Mai shago ya rufe. Direba ya fasa lodi. Gari ya waye ba komai. An yi haka sau uku, ran da na gaskiya ya zo, wa zai gudu?

22/ Kuma mai albasa shi ya san kuɗin jita-jita. Buhun da aka ɗora a Aliero sai ya ratsa rabin ƙasar nan kafin ya zama kuɗi. Fabrairun 2021 da rikicin kasuwar Sasa ya tashi a Ibadan, har gwamnanmu na lokacin, Atiku Bagudu, sai da ya je can tare da wasu gwamnonin Arewa. A Yunin shekarar ƙungiyar masu albasa ta dakatar da kai kaya Kudu saboda hare-hare a kan motocinta.

23/ Wannan na gaske ne, an yi asara. To ka ɗauko tsohon bidiyo ka manna masa "yanzu-yanzu a Kudu", ka ce a yaɗa. Wa ka taimaka? Albasa ba ta jiran a gama gardama, ruɓewa take. Kuma yaronmu da ke tura baro a can, shi zai kwana da fargaba, kai kana nan kana ƙirga masu yi maka sharhi.

24/ Sharaɗin Bednar na uku, na hoton mutane, shi ne wanda muka fi takawa. Haɗari ya faru a hanyar Jega zuwa Koko. Kafin a samu mai ɗaukar wanda ke numfashi, an samu goma masu ɗaukar bidiyo. Uwa tana zaune a tsakar gida ta ga rigar ɗanta a sitatus ɗin wani, da "Innalillahi" da hoton hawaye uku.

25/ A da, dattijo ake nema mai nauyin baki, ya je ya yi sallama, ya zauna, ya fara da "ai jikin nasa ya yi tsanani." Akwai ladabin kai labarin mutuwa a ƙasar Hausa. Mun sayar da shi a kan data ta naira 200.

26/ Haka wanda aka kawo wurin masu ɗori a Aliero daga nesa, yana ihu ana ja masa ƙafa, wani ya saita masa kyamara. Haka tsohuwar da aka ba mudun shinkafa da azumi, sai ta riƙe leda ta kalli waya tukuna. Haka hoton yarinya da aka ɗauka wurin biki, ya koma hannun samari da ƙarin bayani. Wa ya nemi izininsu?

27/ Mu koma Yuta, don akwai wani abin. Yunin 2018 shugaban cocin na lokacin, Russell Nelson, tsohon likitan tiyatar zuciya, yana da shekara 93, ya ce wa matasansu su yi azumin soshiyal midiya na kwana 7. A Oktoba ya ce mata su yi na kwana 10. Kalmar azumi ya yi amfani da ita, don sun saba: duk Lahadin farko na wata suna barin abinci sau biyu su ba mabuƙata kuɗin.

28/ Ka ga dabara? Cocin da ta ce a yi ambaliya, ita ce ta ce a rufe famfo na mako guda a ga wa ke riƙe da wani, kai ko wayar. Mu da muke da kwana 30 cur duk shekara, da i'itikafi a kai, a watan ne ma datarmu ta fi ƙarewa. Har cikin sahun tahajjudi ana ɗaukar bidiyon kukan liman.

29/ Matasan da suke aikawa wa'azi kuwa, bibbiyu suke tafiya, kuma ƙa'idar ita ce ka yi amfani da waya inda abokin tafiyarka ke ganin fuskarta. Kafin Fabrairun 2019, sau biyu kacal a shekara aka yarda su kira gida. A Disamban 2020 suka ƙara sashe a littafin dokokin cocin a kan neman labari daga majiya mai tushe da guje wa jita-jita. A rubuce. Ba "malam ya taɓa faɗa a wani karatu" ba.

30/ Ba mala'iku ba ne fa, kar a fahimce ni a karkace. Har zuwa Yunin 1978 baƙar fata ba ya samun muƙamin limanci a cocin. Wani malamin makaranta a Mbaise, jihar Imo ta yanzu, Anthony Obinna, ya ga labarinsu a tsohuwar mujalla, ya fara rubuta musu wasiƙa a 1971. Sai Nuwamban 1978 suka zo suka yi masa baftisma. Launin fatarsa na cikin abin da ya jawo jiran.

31/ Amma dubi abin da suka yi da intanet ta tono irin waɗannan, 'ya'yansu suka fara tambaya, wasu suna ficewa. Daga 2013 suka fara wallafa dogayen bayanai a shafinsu a kan wariyar launin, da auren mata da yawa na Joseph Smith, abubuwan da a da ba a son tada su. Matsi ne ya sa su, na yarda. Amma dai amsa suka ba da.

32/ Mu fa? Yaro a jami'ar Aliero ya ci karo da shubuha a TikTok, ya kawo tambaya, a ce masa ɗan boko aƙida. Ya koma wayar, can akwai mai ba shi amsa da fara'a. Su kuma manyan suna can suna raddi, raddin raddi, kashi na 7. Almajirai na yanka minti ɗaya daga karatun awa biyu, su sa masa taken "ya kwance masa zani a kasuwa."

33/ Malam, gafarta, da girmamawa nake faɗa: yaran da ke riƙe maka shafi da sunanka suke zagi. In ba ka sani ba, ya kamata ka sani. In ka sani ka yi shiru don mabiya na ƙaruwa, to kai ma kana cikin isnadin.

34/ Wani darasin daga can, mai ɗaci. Ruby Franke, 'yar cocin ce a Yuta, tana da tashar YouTube mai mabiya sama da miliyan 2, tana nuna 'ya'yanta 6, tana koya wa duniya tarbiyya. Agustan 2023 aka kama ta, Fabrairun 2024 aka ɗaure ta kan azabtar da 'ya'yan nata. Dokar coci a takarda ba ta ceci yaran ba.

35/ A 2025 jihar ta yi dokar da ta ba yaran da iyaye suka yi kasuwanci da bidiyonsu damar neman a goge in sun girma. Ku da kuke sa 'yar shekara 4 tana rawa ko tana kwaikwayon zagi don a yi dariya, wata rana za a zo neman aurenta, kuma bidiyon na nan.

36/ Na san masu cewa gwamnati ta rufe kawai a huta. An gwada. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yara suka koyi VPN cikin kwana biyu. An katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, jita-jita ta hau mota ta zo da bakinta. WhatsApp da kansa ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a 2019. Sai muka riƙa turawa sau biyar-biyar.

37/ Matsalar ba a na'ura take ba, a babban yatsa take. Kuma yatsan nan ba ya jin tsoron hukuma, yana dai jin kunyar mutane. Nan ne 'yan Mormon suka fi mu wayo: sun mai da abin tarbiyyar jama'a, ana koya wa yaro a aji, babba ya faɗa a mumbari, aboki ya duba aboki.

38/ Muna da duk kayan aikin. Islamiyya a kowace unguwa. Huɗuba duk Juma'a. Zauren mai unguwa. A cikin darasin ladubba, bayan ladabin cin abinci da na shiga bayi, me zai hana a sa ladabin tura saƙo? Yaran nan kafin su sauke izu biyar sun riga sun buɗe Facebook da wayar uwarsu.

39/ Alhaji admin, kai ma ga naka. Guruf gidanka ne. Wanda ya kawo labarin tsaro ya faɗi wa ya gani da idonsa, a wane gari, ƙarfe nawa. Babu? Goge. Hoton gawa, goge. Saƙo mai kibiya biyu a sama da barazana a ƙasa, goge. Ko na yayanka ne. Musamman ma na yayanka, don shi ne ba wanda ke iya yi wa magana.

40/ Za a ce ka cika tsanani. Za a ce "kai wa ya naɗa ka?" Wani zai fita cikin fushi ya buɗe nasa guruf ɗin, ya sa masa suna Gaskiya Zalla. Bar shi.

41/ Su kuma 'yan data na 'yan siyasa, da ke zagin sa'an ubansu a kan dubu biyar da katin waya, ba zan ɓata zare a kansu ba. Sharaɗi na huɗu kawai zan tuna musu. Ubangidan zai sauya jam'iyya, su rungumi juna da wanda kuka zaga, kai kuma sikirinshot ɗinka na ajiye a wayar wani har ran da za ka je neman aiki.

42/ Na ga tun ban gama ba wani ya rubuto, "mi ag gaminmu da Yahudu da Nasara?" Ɗan uwa, wayar da ke hannunka, da manhajar da ka rubuto wannan, wa ya ƙera? Ka karɓi kayan ba tambaya, sai da aka zo maganar ladabin riƙe su ka tuna da wala'u wal bara'u.

43/ Ba zan ce a yaɗa wannan zaren ba. Na kawo ranaku da sunaye da gangan: 8 da 19 ga Agusta 2014, Yunin 2018, 12 ga Mayu 2022, Bednar, Nelson, Obinna, Franke. Duk suna nan a buɗe, minti biyar ya isa ka bincika. Wanda ya ga ba daidai ba ya ajiye mini a ƙasa tare da inda ya samo. Saƙon murya dai ba na karɓa.